Matashi da motar gudu: kuɗin saye daban, kuɗin asiransi daban

Duk wanda ya taɓa ɗaure doki a ƙofar gidansa ya san ba ranar ciniki ake gane tsadarsa ba. Daga baya ake gane ta, wajen dawa da harawa da kanwa da ladan mai kula da shi. Haka mota take, balle irin wadda samarin yau suke mafarki da ita, mai ƙarfin inji, wadda Faransawa ke kira "sportive", mu kuwa a nan za mu kira ta motar gudu.

A gidajen ƴan kasuwa da manyan ma'aikata na Maraɗi, Damagaram, Tawa da Yamai, zancen yakan taso ta hanya guda. Yaro ya ci jarrabawar bak, ko ya gama jami'a, ya samu permi, uba kuwa ya riga ya yi alkawarin mota. Sai yaron ya kawo hoto cikin wayarsa: Golf GTI, ko tsohuwar BMW, ko wata ƙaramar mota mai jajayen birki da faffaɗan tayu. Uba ya dubi farashi, ya ƙara kuɗin jirgi da na duwan, ya ga abin bai fi ƙarfinsa ba. A nan lissafin mutane da yawa yake tsayawa, alhali akwai wani mutum da ba a tambaya ba, wanda sana'arsa ita ce auna haɗari da kuɗi, wato mai asiransi, abin da maƙwabtanmu na Najeriya ke kira inshora.

Ƙasar da ta fi dacewa a duba don a fahimci wannan lissafi ita ce Faransa. Dokar asiransin da Nijar ke aiki da ita ta ɗauko tushenta daga ta can, motoci da yawa da ke kan hanyoyinmu daga Turai aka kawo su, kuma a can an rubuta baƙi da fari nawa ne ƙuruciyar direba take ci wa aljihu.

Mece ce motar gudu?

Motocin da aka saba gani cikin gari suna da ƙarfin doki 70 zuwa 130. Motar gudu ita ce wadda aka ba ta ƙarfi mai yawa bisa nauyinta, aka tsaurara ƙafafunta, aka rage mata tsawo daga ƙasa don ta riƙe kwana. Asalin ƙananan irinta ya koma shekarar 1976, lokacin da kamfanin Volkswagen na Jamus ya fito da Golf GTI ta fari: doki 110, nauyi wajen kilo 810, gudu kuwa kilomita 182 a awa. A 1984 Peugeot ya mayar da martani da 205 GTI mai doki 105, daga baya ya ƙara mata inji mai lita 1,9 da doki 130, wadda ke wuce kilomita 200 a awa. Renault ma ya shiga gasar da 5 GT Turbo a 1985, sannan Clio Williams a 1993.

Waɗannan motoci sun shiga ran samarin Turai don farashinsu bai kai na manyan motocin alfarma ba, amma a kan hanya suna iya bin sawunsu. Sai dai a farkon shekarun 1990 kasuwarsu ta yi sanyi, kuma cikin manyan dalilai akwai yawan haɗari da yawan sata, waɗanda suka sa kamfanonin asiransi suka ɗaga kuɗinsu sama ƙwarai, musamman a Ingila. Masu saye suka ja baya, ba don motar ta daina burge su ba.

Na yanzu sun ninka na da ƙarfi. Golf GTI ta 2013 tana da doki 220, ta 2020 kuwa 245, kuma sai da aka ɗaure mata gudu a kan kilomita 250. Ford Fiesta ST ta 2013 doki 182 gare ta, Peugeot 208 GTi ta wannan shekara doki 200. Yau da suka tsufa, farashinsu a kasuwar tsofaffin motoci ya sauko inda uba mai hali zai iya kaiwa. Ƙarfin injinsu kuwa bai sauko tare da farashin ba.

Abin da mai asiransi yake gani

Mai asiransi ba ya kallon kyan fenti. Yana kallon alƙaluma ne. Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana a rahotonta na 2023 cewa mutum miliyon 1,19 ke mutuwa a kan hanyoyi kowace shekara, kuma haɗarin hanya shi ne babban abin da ke kashe ƴan shekara 5 zuwa 29. A Faransa, ƴan shekara 18 zuwa 24 ba su wuce kashi 8 cikin 100 na jama'a ba, amma rabonsu cikin mamatan hanya ya kai ninkin wannan.

Dalilin ba rashin ƙarfin ido ko na hannu ba ne, don a nan matashi ya fi dattijo. Abin da bai samu ba tukuna shi ne karanta hanya: gane cewa babbar motar da ke gaba za ta kauce wa rami, ko yaron da ke bakin hanya zai tsallaka bayan ƙwallonsa. Wannan sanin kilomitoci ne ke kawo shi. Ga kuma tuƙin dare, da abokai cike da mota suna zuga.

Lissafin gudu ba ya sassauta wa kowa. Direba yana ɗaukar wajen daƙiƙa guda tsakanin ganin haɗari da taka birki. A gudun kilomita 90, cikin wannan daƙiƙa mota ta ci mita 25. A gudun 130 ta ci mita 36. Bayan an taka birki, idan gudu ya ninka sau biyu, nisan da mota za ta yi kafin ta tsaya yana ninkawa sau huɗu. Motar gudu tana da birki mai kyau, gaskiya ne. Amma illarta ita ce tana kai mutum kilomita 100 cikin daƙiƙa 6 ko 7, ba girgiza, ba kukan inji irin na wahala, har ya wuce iyakarsa bai sani ba. Ƙaramar mota tana gargaɗin mai ita da ƙara da rawar sitiyari. Ita wannan shiru take yi.

Ƙarin kuɗin sabon direba

Dokar Faransa ba ta hana sabon direba tuƙa mota komai ƙarfinta. Italiya ta hana: tun Disamba 2024, mai sabon permi a can ba zai tuƙa motar da ta wuce kilowat 105 ba, wato wajen doki 143, har tsawon shekara 3. A Faransa an bar wa kuɗi ya yi wannan aiki.

Doka ta yarda kamfani ya ɗora wa wanda perminsa bai cika shekara 3 ba wani ƙari da ake kira "surprime". A shekara ta fari ƙarin zai iya kai kashi 100 cikin 100, wato ninkin kuɗin asali. Idan shekara ta wuce bai jawo haɗari ba, ƙarin ya koma kashi 50, shekara ta uku kashi 25, ta huɗu a cire shi gaba ɗaya. Wannan ƙari yana iya hawa kan wanda ya daɗe da permi ma, idan ba shi da shaidar ya riƙe asiransi cikin shekaru 3 da suka wuce. Iyayen da ƴaƴansu ke zaune can su lura da wannan.

Bayan wannan akwai tsarin lada da horo da ake kira "bonus-malus". Kowa yana farawa da ma'auni 1. Duk shekarar da ba a jawo haɗari ba, ana rage kashi 5 cikin 100: 0,95, sannan 0,90, sannan 0,85, har a kai 0,50 bayan shekara 13. Duk haɗarin da laifin direba ne kacokan yana ƙara kashi 25, kuma ma'aunin zai iya hawa har 3,50.

Ga lissafin misali, don mai karatu ya ga yadda abin yake tafiya. A ɗauka ƙaramar mota ce, kuɗin asalin asiransinta yuro 800 a shekara. Yuro guda sefa 656 ne idan an cika, bisa canjin da aka tsayar tun 1999. Sabon direba zai biya 1600 a shekara ta fari, 1140 a ta biyu, 900 a ta uku: jimla yuro 3640, wajen miliyon 2 da jika 390 na sefa. A ɗauka kuma motar gudu ce, kuɗin asalinta yuro 1500. Zai biya 3000, sannan 2137, sannan 1687: jimla wajen 6825, kusan miliyon 4 da rabi. Bambancin ya haura miliyon 2, ba a sayi esansi ko lita guda ba. Idan kuma ya buge wani a shekara ta fari, ƙarin bai sauka ba, ma'auni ya hau 1,25, kuɗin shekara ta biyu ya zama yuro 3750.

Abin lura a nan shi ne ƙarin kashi ne cikin ɗari, saboda haka gwargwadon girman kuɗin asali, gwargwadon nauyinsa. Shi kuwa kuɗin asali motar ce ke tsayar da shi. Wata hukuma ta masu asiransi mai suna SRA tana jera kowane samfurin mota cikin rukuni bisa ƙarfinta da nauyinta da gudunta, da kuma aji bisa farashinta da tsadar gyaranta. A kan wannan kamfani ke ƙara garin da ake zaune, da inda motar ke kwana, gareji ko bakin titi, da abin da ake yi da ita.

Wani lokaci ma ba zancen tsada ba ne. Kamfanoni da yawa ƙi suke yi ƙememe su karɓi sabon direba da mota mai ƙarfi. Wanda aka ƙi yana da damar kai kukansa ofishin da ake kira Bureau central de tarification, wanda zai tsayar da farashi ya tilasta wa kamfani karɓarsa. Amma iyakar abin da zai samu ta nan shi ne asiransin dole, mai biyan waɗanda ya cuta. Motarsa ba ta ciki.

Permin gwaji

Tun 1 ga Maris 2004, sabon permi a Faransa na gwaji ne. Cikakken permi maki 12 gare shi, sabon direba kuwa da 6 yake farawa, sai ya yi shekara 3 ba laifi kafin ya cika. Yana liƙa jan harafin A a bayan motarsa. Inda wasu ke gudun 130 a babbar hanya, shi 110 aka ba shi. Inda suke 110, shi 100. A sauran hanyoyin bayan gari 80. Wanda aka kama ya wuce ƙa'ida da kilomita 50 ko fiye, maki 6 ake cire masa nan take. Ga mai shekara ta fari, wannan mutuwar permi ce.

Bayan hukuncin hukuma, na kamfani yana nan tafe. Doka ta ba shi damar ƙara kashi 50 cikin 100 ga wanda aka dakatar da perminsa wata 2 zuwa 6, kashi 100 idan ya haura wata 6, kashi 200 idan an soke shi, kashi 150 ga wanda ya yi haɗari cikin maye. Saboda haka saurayin da ya sayi mota mai gudun 250 yana biyan kuɗin ƙarfin da doka ba ta ba shi ikon amfani da ko rabinsa ba.

Dabarun da ke kai mutum ya baro

Tsadar ta sa wasu iyalai suna neman hanyar gefe. Wadda ta fi yawa ita ce uba ya rubuta sunansa a matsayin mai tuƙin yau da kullum, alhali ɗansa ne ke riƙe da makulli. Muddin ba abin da ya faru, dabarar tana tafiya. Ranar da aka yi babban haɗari, kamfani yakan yi bincike: wa ke zuwa makaranta da motar, a ƙofar gidan wa take kwana. Idan ya tabbata da gangan aka yi ƙarya, yarjejeniyar ta rushe, kuɗin da aka biya ba a mayarwa. Waɗanda aka jikkata za a biya su, amma kamfani zai juyo kan mai laifin ya nemi kuɗinsa. Diyyar mutum guda da ya naƙasa har abada tana iya kai miliyoyin yuro.

Haka abin yake ga wanda ya kai mota aka taɓa kwamfutar injinta don a ƙara mata ƙarfi bai faɗa ba. Motar da kamfani ya sani daban, wadda ke kan hanya daban. Tuƙi ba asiransi kuwa laifi ne mai tarar yuro 3750, wajen miliyon 2 da jika 460. Asusun ƙasa na musamman zai biya waɗanda aka cuta, sannan ya bi direban bashi, wani har tsufansa. Tun Afrilu 2024 an daina liƙa koren kati a gilashi. Ƴan sanda lambar mota suke dubawa cikin kwamfuta.

Hanyoyin halal na rage kuɗi suna nan. Babbarsu ita ce koyon tuƙi tare da babba, wanda ake iya farawa tun shekara 15: yaro ya yi aƙalla shekara guda da kilomita 3000 wani babba na zaune kusa da shi. Wanda ya bi ta nan, ƙarinsa rabi ne, wato kashi 50, sannan 25, sannan 12,5, kuma gwajin perminsa shekara 2 ne. A misalin ƙaramar motar nan ta yuro 800, jimlar shekara 3 za ta sauko daga 3640 zuwa 2960. Akwai kuma rubuta yaro a fili a matsayin direba na biyu a motar iyayensa, idan da gaske na biyun ne. Wasu kamfanoni suna sa na'ura cikin mota mai auna gudu da taka birki, su rage wa mai natsuwa.

Wace asiransi?

Mataki uku ne. Na ƙasa shi ne na dole, mai biyan ɓarnar da aka yi wa wasu. Na tsakiya ya ƙara sata da gobara da fashewar gilashi. Na sama, "tous risques", yana biyan gyaran motar mai ita ko da laifinsa ne, bayan an cire wani kaso da aka yi yarjejeniya shi zai ɗauka. Saurayin da ya zuba duk kuɗinsa wajen sayen motar gudu yakan ƙare da mataki na ƙasa, don shi kaɗai zai iya biya. Ranar da ya kauce hanya ya bugi itace, ba mota, ba kuɗi.

Abin da ya fi wannan muni, wanda mutane da yawa ba su sani ba, shi ne asiransin dole ba ya biyan raunin direban da ya jawo haɗarin. Fasinjojinsa za a biya su, wanda ya buge za a biya shi, shi kuwa sai in an ƙara wani sharaɗi na musamman mai kare direba. Ga matashi, wannan sharaɗi ya fi na fenti da gilashi muhimmanci.

In ba makawa sai an saya

Wanda ya ƙudurta sai motar gudu, akwai tsani da ake hawa. Ƙananan da ba su da nauyi, masu matsakaicin ƙarfi, sun fi dacewa da mafari. Renault Twingo RS ta 2008 tana da doki 133. Suzuki Swift Sport ta 2012 tana da 136, ta 2018 kuwa 140 a kan nauyin da bai kai kilo 1000 ba. Daɗin tuƙin irin waɗannan yana cikin sauƙin jikinsu da yadda suke bin kwana, abin da ake ji tun a gudun da doka ta yarda da shi. Masu doki 180 zuwa 250 su jira sai ƙarin sabon direba ya faɗi.

A duba kuma tayun da ke jan motar. Ƙananan GTI tayun gaba ne ke jan su. Idan direba ya shiga kwana da gudu, hancin motar yakan buɗe waje, ya sassauta ƙafa ta dawo. BMW mai lamba 3 da irinta tayun baya ne ke tura su. A kan ruwa ko rairayi, idan aka taka da ƙarfi, bayan motar ne ke juyowa, kuma mayar da ita sai hannun da ya saba.

Shekarar ƙira ma abin dubawa ce. Na'urar ESP, mai taka wa kowace taya birki ita kaɗai idan mota ta fara zamewa, ta fara fitowa a 1995, ta zama dole ga duk sabuwar mota a Tarayyar Turai tun Nuwamba 2014. Peugeot 205 GTI da aka daina ƙerawa a 1994 ba ta san da ita ba, kuma yau ta zama kayan masu tara tsofaffin motoci, mai tsada. Tsohuwar babbar motar alfarma mai araha kuwa, kayan gyaranta suna nan a farashinsu na alfarma.

Motar gudu ta hannu ta biyu tana buƙatar bincike fiye da sauran, don wanda ya saye ta da fari ba don ya bi a hankali ya saye ta ba. A nemi littafin gyaranta, a duba kuloci da turbo da faifan birki, a duba ko an taɓa daidaita ƙashin jikinta bayan haɗari.

A nan gida

Nijar tana cikin ƙasashe 14 na ƙungiyar CIMA, wadda aka sa hannu a yarjejeniyarta a Yawunde ranar 10 ga Yuli 1992, dokarta ta fara aiki a Fabrairu 1995. Aya ta 200 ta wajabta asiransi a kan kowace mota. Kowace ƙasa tana da mafi ƙarancin farashi da kamfani ba zai sauka ƙasa da shi ba, ana tsayar da shi bisa yankin da motar ke yawo, da siffarta da abin da ake yi da ita, da kuma matsayin direban da ya saba tuƙa ta. Ƙarfin dokin haraji da ke rubuce a kan karti-giriz yana cikin abin da ake dubawa: yana hawa, kuɗi na hawa. Tun gyaran da aka yi wa aya ta 13 a 2011, ba a bayar da asiransi bashi. Sai an biya kariya take farawa. Kuma a nan ma, kamar a Faransa, asiransin dole bai shafi raunin wanda ke riƙe da sitiyari ba.

Masu motoci da yawa a ƙasar nan a kan na dolen suke tsayawa, don su samu takardar nuna wa ƴan sanda da jandarmomi. Ga tsohuwar motar zuwa aiki, wannan abin fahimta ne. Ga motar miliyoyi a hannun ɗan shekara 20, caca ce da dukiyar gida.

Sannan hanyarmu ba ta Turai ba ce. An ƙera motar gudu kusa da ƙasa, da siraran tayu masu faɗi, don lafiyayyen gudiro. Babbar hanya mai lamba 1, daga Yamai ta Doso da Dogon Dutsi da Ƙonni zuwa Maraɗi, wajen kilomita 660 ce, daga nan kuma wasu 240 zuwa Damagaram ta Tasawa. Layi biyu ne ba shinge. Jaki da raƙumi da amalanke da babur duk suna da rabo a cikinta, manyan motoci na tsayawa da dare ba fitila, kasuwannin ƙauye na cin bakinta. Rami guda yana iya fasa siririyar taya ya lanƙwasa ƙarfenta, tudun rage gudu ya kankare cikin motar. Idan haɗari ya auku tsakanin gari da gari, asibiti na da nisa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta nuna Afirka ce ke kan gaba wajen yawan mutuwar hanya bisa yawan jama'a, alhali ita ce mafi ƙarancin motoci.

Injin turbo na zamani yana son esansi mai tsabta da baƙin mai na ƙwarai, ba ya jure na kwalba da ake sayarwa bakin hanya. Ƙurar hunturu tana toshe matatar iska, zafin Afrilu da Mayu da ke haura digiri 40 yana gwada na'urar sanyaya inji. Makanisen unguwa ya san Toyota ciki da bai, ya gaji sanin Peugeot tun zamanin 504 da ake harhaɗawa a Kaduna, kuma kayansu suna samuwa a Maraɗi ko Kano. Motar da sai an sa mata kwamfuta kafin a gane cutarta tana iya kwana wata da watanni cikin gareji tana jiran ƙarfe guda daga waje. Bayan rufe iyakar Gaya da Malanbil a 2023, da kaya suka koma biyowa ta Lome da Burkina Faso, jiran ya ƙara tsawo, kuɗin ɗauko mota ma ya ƙaru.

Tsarin da ya kamata a bi

Ɗan kasuwa ba ya sayen kaya sai ya san kuɗin dako da na duwan da na ajiya. Motar yaro ma haka. Kafin a biya ko dala, a ɗauki samfurin motar da shekararta da ƙarfinta a kai wa kamfanonin asiransi biyu ko uku, a faɗi gaskiyar wanda zai tuƙa ta da shekarunsa da ranar da ya samu permi, a nemi farashin cikakkiyar kariya har da ta direba. A haɗa wannan da esansi da tayu da gyara na shekara 3, a ɗora a kan kuɗin saye. Idan jimlar ta fi ƙarfin gida, motar ce ta fi ƙarfin gida. Idan kamfani ya yi jinkirin karɓa ko ya tsawwala, a ɗauki wannan a matsayin shawara daga wanda ya ga haɗurra dubu.

Abin da dokar Faransa ta shimfiɗa, uba na iya shimfiɗa shi a gidansa ba tare da jiran hukuma ba. Yaro ya fara da tuƙi kusa da babba, cikin gari da kan doguwar hanya, da rana da dare. Ya riƙe ƙaramar mota mai ƙarfin doki ƙasa da 100 shekara 2 ko 3. Idan ya dawo da ita ba konsta, ba tara, ba kukan maƙwabta, ya nuna ya cancanci ta gaba. A lokacin ya ci dubban kilomitoci, ya san hanya, wataƙila ma ya fara biyan asiransin da albashinsa. Golf GTI ta yi kusan shekara 50 ana ƙera ta, shekara 3 ba za su ƙarar da ita a kasuwa ba.

Allah shi kiyaye hanya.